Matameye: Garkar Shu Tsakanin Tsutsa Da Kwalbar Magani

Matafiyin da ya baro Damagaram da sassafe cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, hazo ya lulluɓe duwatsun bayan gari, zai bi hanyar Maraɗi har ya kai Takeita. A nan hanya ke rabuwa biyu: ɗaya ta miƙe yamma zuwa Tasawa, ɗaya ta gangara kudu zuwa ƙasar Kance. Da mota ta juya kudu, sai ƙasa ta fara sake kama. Gonaki sun bushe, an kwashe hatsi da wake tun kaka, ba abin da ya saura sai kututturan kara da sawun dabbobi, amma itatuwan gawo na nan tsaye da koren ganye, domin shi gawo da rani yake tofo, da damana ya zubar. Yawan gawo a wannan yanki da ake wa laƙabi da "M uku", wato Matameye da Magarya da Mirya, ya sa masu bincike suka riƙa zuwa daga nesa don su gane wa idanunsu, da yake manoma ne da kansu suka bar itatuwan suka girma cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980.

Bayan an wuce Kance, tsohon gari mai sarauta wanda ya shiga ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19, sai a iso Matameye, wajen kilomita 90 daga Damagaram. Nan ne mazaunin hukumar gundumar Kance. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum kusan dubu 400 a gundumar, ƙasar kuwa ƴar ƙarama ce, shi ya sa ake lasafta ta cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Kafin hayaƙin wani ƙauye ya ɓace wa matafiyi, ya hango rumbunan wani. Daga Matameye hanya ɗaya ta nufi Magarya, ɗaya kuma ta sauka Ɗan Barto, bakin iyaka, inda ake ƙetarawa Kwangwalam, a wuce Daura, a kai Kano. Wanda ya riƙe wannan taswira a ransa ya riga ya fahimci rabin labarin garin: arzikinsa daga fadama yake fitowa, cinikinsa kuma da kudu yake ɗaure.

Fadamar Korama

Abin da ya bambanta wannan ƙasa da sauran ƙasar tudu shi ne kwarin Korama da rassansa. Tsohon kwari ne mai rairayi, wanda ruwa ba ya gudu a cikinsa kullum, amma yana kwance kusa a ƙarƙashin ƙasa, har a wasu wurare mutum ba ya yin gaba biyu ko uku na haƙa sai ya tarar da shi. A gefen wannan kwari, a ƙasar Matameye da Dungu da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su, garake suke jere kamar an shimfiɗa koren zane a tsakiyar rani. Raken Matameye sananne ne a kasuwannin ƙasa. Bayan rake akwai rogo da dankali da albasa da barkono da tumatir da kabewa da salati da karoti, ga kuma mangwaro da gwaiba da lemu a bakin shinge.

Noman fadama ya daɗe a nan, amma ya ƙara ƙarfi bayan farin 1984, sa'ad da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a da su rungumi noman rani don cike giɓin damana. Tun daga lokacin aka yawaita rijiyoyin siminti, daga baya aka shigo da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da injinan ban ruwa, jigo da wasaki suka fara ja da baya. A cikin kayan da suka samu gindin zama har da shu, wanda mutanen ƙetaren iyaka ke kira kabeji. Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Yana son sanyin ɗari, yana da nauyi a buhu, yana jure tafiya fiye da tumatir da salati, kuma kowane gida na cin sa: a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, a zuba shi a dambu ko a dafa-duka, a busar da ganyensa a ajiye don bazara, abin da ya saura a ba tumaki.

Aikinsa kuwa ba na rago ba ne. Ana yafa iri a fangalin reno, ya yi wajen wata ɗaya, sannan a cire a dasa. Daga dashe zuwa yanka ana samun wata biyu da rabi zuwa wata uku, gwargwadon irin da aka shuka, ko Oxylus da masu garka suka saba da shi, ko tsohon iri Marché de Copenhague. Kuɗin iri, da na taki, da na man inji, da na ƴan ƙwadago, duk sun fita daga aljihu kafin a ga ƙulli ɗaya. Sau da yawa bashi ne aka ci wurin dillali, da alƙawarin biya ranar yanka. Saboda haka in mai garka ya tsuguna da safe ya juya ganye ya ga an huda shi, abin da ke faɗo masa a rai shi ne bashin nan da abincin iyali.

Ƴar tsutsa mai zare

Babbar abokiyar gabar shu ba ta kai tsawon farce ba. Masana na kiran ta Plutella xylostella. Uwarta wata ƴar malam-buɗe-littafi ce mai launin toka, wadda tsawonta bai cika santimita ɗaya ba, tana ɓoye da rana, ta fito da magariba. Mace ɗaya takan saka ƙwai fiye da ɗari, ɗaiɗai ko ƴan kaɗan a wuri guda, a jikin ganye. Cikin ƴan kwanaki su ƙyanƙyashe, ƴan tsutsotsi kore su fito su kama ci ta ƙarƙashin ganye, su bar fatar sama kamar tagar gilashi, wadda daga baya takan fashe ta zama huda. Alamar gane ta mai sauƙi ce: in an taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil da baya, ta saki jiki ta rataye da wani siririn zare kamar na gizo-gizo. In ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta ɗan gida mai raga-raga a jikin ganye, ta fito da fukafukai. A wuri mai ɗumi, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa mako biyu ne zuwa uku. Ke nan kafin shu ɗaya ya isa yanka, tsutsar ta ga jikokin jikokinta a kansa.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wata da ake kira Hellula undalis, wadda ɓarnarta ta fi zafi ga ƙaramin dashe, domin zuciyar tsiron take shiga ta huda, ta rufe bakin ramin da saƙa da kashinta. Tsiron da ta shiga ko ya mutu, ko ya fito da ƙananan kawuna uku ko huɗu waɗanda ba mai saye. Ta fi yawa a lokacin zafi, shi ya sa masu sammakon reno a ƙarshen damana da masu jinkiri har bazara suka fi ɗanɗana kuɗarta. Akwai kuma ƙananan ƙwarin nan masu tsotso da ke taruwa bayan ganye, su naɗe shi, su bar masa darɓa. Kowanne da halinsa, kowanne da maganin da ke jin sa, amma a bakin mai garka da yawa sunansu ɗaya ne, tsutsa, maganinsu kuma ɗaya, feshi.

Teburin mai magani

Ran kasuwa, Matameye takan cika tun hantsi. Amalanken shanu ɗauke da rake, kamiyo na lodin buhuna, ƴan kabu-kabu na ratsa jama'a, sefa da naira na zagayawa hannu da hannu. A cikin wannan hada-hada, kusa da masu sayar da iri da taki, ana samun teburan masu maganin ƙwari. Kwalabe ne jere masu launi iri-iri, wasu na lita, wasu ƙanana, da ƴan ƙunshin gari a leda. Mafi yawan rubutun da ke jikinsu Ingilishi ne, domin ta Najeriya suka shigo, ko da yake da yawansu a Sin ko Indiya aka haɗa su. Mai saye bai karanta Ingilishi ba, mai sayarwa ma sau da yawa haka. Cinikin kan tafi ne bisa amana: manomi ya gai da Alhaji, ya nemi mai ƙarfi, wanda ke kashewa nan take, Alhaji ya miƙo wanda aka fi saye a makon. Wanda ba shi da kuɗin kwalba sai a tsiyaya masa a wata ƴar roba marar suna, marar awo, marar ranar lalacewa.

Doka kuwa tana nan a rubuce. Ƙasashen ƙungiyar CILSS, wadda aka kafa a 1973 bayan babban fari, sun amince tun 1992 da ƙa'ida guda game da magungunan ƙwari, kuma daga 1994 aka ɗora wa kwamitin da ake kira CSP, mai ofishi a Bamako, aikin bincika kowane magani kafin a yarda a sayar da shi. A cikin gida, dokar kare tsirrai ta 26 ga Mayun 2015, wadda ta maye gurbin ta 1996, ta shar'anta cewa mai shigo da magani da mai sayar da shi sai da izinin hukuma. Amma binciken kasuwanni da ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta yi a shekaru daban-daban ya nuna cewa mafi yawan magungunan da ake tararwa a kasuwannin Nijar ba su cikin jerin da kwamitin ya amince da shi. Lambar hukumar NAFDAC ta Najeriya da ake gani a jikin kwalba shaidar can ce, ba ta zama izinin nan ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ma'aikatar kare tsirrai ta fi ba da ƙarfinta ga fara da tsuntsaye da ƙwarin hatsi, mai garka kuwa shi ke sayen maganinsa. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsada, kasuwar Kano kuma ga ta nan kusa, da araha. Ko a lokutan da aka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya ba su daina ratsowa ta hanyoyin daji a bayan babura ba. Iyakar da ta raba dangi ɗaya, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, ba ma'aikacin duwan da zai iya tsare ta shi kaɗai.

Me ya sa magani ya daina ci?

Kukan da aka fi ji a garake shi ne magani ya zama ruwa. Wani lokaci gaskiya ne, jabu ne ko ya daɗe a rana ya lalace. Amma sau da yawa maganin na nan da ƙarfinsa, tsutsar ce ta sake. In an fesa fangali mai tsutsa dubu, akan samu ƴan kaɗan da halittarsu ta sa dafin bai kashe su ba. Su ne za su hayayyafa, ƴaƴansu su gaji wannan taurin. Bayan mako biyu a sake fesa maganin nan dai, a sake tace masu tauri. Kafin rani biyu ko uku, garka ta cika da zuriyar da ba ta jin maganin ko kaɗan.

A wannan fanni Plutella ta yi suna a duniya. A 1953, a tsibirin Jawa na Indonesiya, aka ba da labarin ta daina jin DDT, tana cikin ƙwarin gona na farko da suka yi haka. Wajen 1990, a Hawai ta Amurka, ta zama ta farko da aka tabbatar ta bijire wa maganin Bt a cikin gona. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2012 ya ce ɓarnarta da kuɗin yaƙi da ita na cin dalar Amurka biliyan 4 zuwa 5 a kowace shekara. Abin da ya gagari manoman Asiya da Amurka, da kuɗinsu da masanansu, ba ƙarin murfi ɗaya a cikin famfo ne zai kawar da shi a Korama ba.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata ƴan kasuwa su sani. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwalba sunan ciniki ne. Sunan dafin na ainihi yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Lamda-sihalotirin da ke cikin Karate, da deltametirin da ke cikin Decis, da sifametirin da ke cikin kwalabe masu sunaye barkatai, duk gida ɗaya suka fito, hanya ɗaya suke bi su kashe ƙwaro. Tsutsar da ta gagari ɗaya, galibi ta gagari sauran. Manomin da ya bar wannan ya sayi wancan yana zaton ya sake magani, alhali kwalba kawai ya sake. Sauyi na gaskiya shi ne a bar gidan gaba ɗaya zuwa wani, misali emamektin ko Bt, bisa shawarar malamin gona, kuma kada a lazimci gida ɗaya har ƙarshen rani.

Ga kuma asarar da ido ba ya gani. A cikin kowace garka akwai mataimakan da ba a biyan su lada: gizo-gizo, da tururuwa, da tsuntsaye, da wasu ƙananan zanzaro da ba su kai ƙwayar gero biyu ba, waɗanda ke saka ƙwansu cikin jikin tsutsa, ɗansu ya cinye ta daga ciki. Magani mai kashe kowa da kowa su yake fara hallakawa, tsutsar da ke ɓoye cikin ƙullin ganye ta tsira. Bayan kwana goma ta dawo ba mai tare ta, manomi ya ƙara awo, ya haɗa kwalba biyu ko uku a famfo guda, ya koma feshi kowane kwana uku. Kuɗi na fita, tsutsa na ƙaruwa.

Mai feshi da mai ci

Da la'asar, in rana ta yi sanyi, akan ga saurayi goye da famfo mai cin lita 15 ko 16, yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, rigar da zai kwana da ita ce a jikinsa. Awon magani da murfin kwalba ake yi, ko a ƙiyasta da ido. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a sha'anin dafi kimar ido ba ta wadatar ba. Wanda ba shi da famfo yakan dama a bokiti ya yayyafa da tsintsiya ko reshen ganye. In an gama, a wanke famfo a bakin rijiyar da ake sha, a ƙasa mai rairayi wadda ruwanta ke kusa, a jefar da kwalba a gindin shinge, wata rana yaro ya tsince ta ya zuba ruwa ko mai.

Magungunan da ake kira organofosfat, irin su dimetowat da diklorobos, suna shiga ta fata da numfashi, ba sai an sha ba. Alamun kamuwa su ne ciwon kai, jiri, gumi mai yawa, dalalar miyau, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido, da wahalar numfashi. Nonon da ake ɗura wa wanda ya kamu ba makari ba ne, ɓata lokaci ne. Abin yi shi ne a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi likita tare da kwalbar, don ma'aikacin lafiya ya san irin dafin da zai yi wa magani.

Shi diklorobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, jama'a kuma ke kira piya-piya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rukunin masu haɗari ƙwarai. Saboda samun sa fiye da kima a cikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa, irin su Sniper, a shaguna da kasuwannin gari. Darasi ne ga duk mai fataucin kayan gona: kasuwar da aka yi shekaru ana ginawa, ragowar dafi na iya rufe ta rana ɗaya.

Daga nan maganar ta bar bakin fadama ta shiga gari. Kowane magani na ƙwarai an rubuta masa kwanakin da za a jira tsakanin feshin ƙarshe da yanka, wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. Amma in dillali ya aiko cewa kamiyo na tashi gobe, kuma kasuwa ta yi kyau, wa zai tsaya ƙirga kwana? Matsin ya fi yawa in azumi ya faɗo a ƙarshen ɗari, kamar yadda ya faɗo cikin Maris a 2024 da 2025, lokacin da buƙatar kayan ganye ke hauhawa, zafi ya fara, tsutsa kuma ta yi yawa. Shun da aka fesa ranar Laraba na iya kasancewa cikin kwanon buɗa-baki na ma'aikaci a Damagaram ko Yamai kafin mako ya zagayo, ɗanye ko an ɗan gigita shi da ruwan zafi. Cire ganyayen waje da wankewa da ruwa mai yawa na rage abin da ke bisa, amma irin maganin da ke ratsa jikin tsiro, kamar dimetowat da asetamifirid, wanki ba ya fitar da shi duka.

Kuma mai saye na da hannu a ciki. Dillali ba ya son ganye mai huda ko ɗaya, uwargida a kasuwa ma mai sheƙi take zaɓa. Alhali ƴan hudoji a ganyen waje ba su taɓa ƙullin da ake ci ba. Muddin kasuwa na karya farashin shu saboda huda biyu, manomi zai ci gaba da fesawa har daren yanka.

Abin da ke hannu

Rigakafi ya fi magani, kuma yawancinsa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Na farko shi ne fangalin reno. A 2006 masu bincike a ƙasar Benin suka wallafa sakamakon gwajin rufe shu da raga irin ta gidan sauro, suka nuna tana hana uwar tsutsa isa ga ganye. Rufe ɗan fangalin reno na wata ɗaya ba shi da tsada, kuma shi ke tsare dashe daga mai huda zuciya. Na biyu, kada a yi sabon reno kusa da tsohuwar garka mai tsutsa, kuma da an yanke shu a tumɓuke kututturan a ba dabbobi ko a binne, domin a kansu tsutsa ke jiran sabon dashe. Na uku, a ba ƙasa hutu: fangalin da ya yi shu bana ya yi albasa ko karoti baɗi, tun da wannan tsutsa dangin shu kaɗai take ci. An kuma lura cewa ruwan da ke sauka ta bisa ganye, musamman da yamma, yana damun uwar yana kakkaɓe ƙananan tsutsotsi, abin da ban ruwa ta lambatu ba ya yi.

Sai dubawa. Sau biyu a mako mai garka ya zaga, ya juya ganyen tsirrai goma ko ashirin a wurare daban-daban, ya leƙa zuciyarsu. In ba tsutsa, ba dalilin feshi. In akwai, a fesa tun tana ƙarama, da yamma, a kai ruwan ƙarƙashin ganye da cikin zuciya inda take. Ganyen shu na da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ruwa na gangarewa, shi ya sa ake ƙara ɗan sabulu a ruwan ƴaƴan bedi don ya kama.

Bedin nan kuwa, ko dogon yaro, yana tsaye a kowace unguwa ta Matameye yana zubar da ƴaƴa a banza. Awon da aka saba bayarwa shi ne a daka rabin kilo na busassun ƙwayoyinsa, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Ba ya kashe tsutsa nan take. Ci yake hana ta, ya hana ta girma. Haka ma Bt, wanda ƙwayar halitta ce daga ƙasa, sai tsutsa ta ci ganyen, ta daina ci, ta mutu bayan kwana biyu ko uku, ba tare da ya taɓa mutum ko zuma ko ƙananan zanzaron nan ba. Matsalarsu ɗaya ce a idon manomi: bai ga gawa a ƙasa ba, sai ya ce bai yi ba. Wannan aikin bayani ne, kuma na malaman gona ne, da cibiyar bincike ta INRAN, da majalisar manoma ta jihar Damagaram, da gidajen rediyon karkara. In kuwa ta kama dole a yi amfani da magani na kwalba, a nemi wanda aka amince da shi don kayan garka, a dubi zanen launi da ke gindin takardarsa, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, a bi awo, a bi kwanakin jira.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar tsutsa ba ta san shinge ba. Wanda ya tsabtace garkarsa, maƙwabcinsa ya bar kututture, aikin banza ya yi. Masu garkar fadama ɗaya su ne za su haɗa baki kan lokacin reno da lokacin hutu. Ɗan kasuwa ya san abin da yake sayarwa, ya daina tsiyaya dafi a robar da ba suna. Dillali ya tambayi ranar feshin ƙarshe kamar yadda yake tambayar farashi. Ma'aikacin duwan da na gona da na lafiya da na magajin gari su riƙe jerin magungunan da aka amince da su, su san kwalbar da ya kamata ta wuce da wadda ya kamata ta tsaya.

Da magariba, in kasuwa ta watse, kamiyo kan fita daga tashar Matameye ɗaya bayan ɗaya, an ɗaure buhunan shu har bisa, wasu su nufi Takeita, wasu su nufi Ɗan Barto. A cikin fadama injina sun yi shiru, masu garka na wanke ƙafa don salla, ƴar malam-buɗe-littafin nan kuma lokacin fitowarta ke nan. Gobe da safe akwai wanda zai tsuguna ya juya ganye kafin ya yanke shawara, akwai wanda zai ɗauki famfo bai duba ba. Lafiyar mai feshi, da ruwan rijiya, da kwanon mai ci a birni, duk suna rataye ga wannan ɗan bambanci. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya yi wa noman rani albarka, ya kare manomi da mai saye.